Ƙwayoyin ciwon sukari ko allurar insulin: wanne ya fi rashin haɗari?

Ummu Safwan:

Assalamu alaikum. Ina roƙon masana su haska mana. Mahaifinmu shekararsa 68, kuma kimanin shekara 12 ke nan da aka gano yana da ciwon sukari nau'i na biyu. Yana shan metformin miligiram 1000 safe da yamma, da glibenclamide miligiram 5, shi ma sau biyu a rana. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini, na baya-bayan nan ya nuna 9.4. Likitansa ya ce a ajiye glibenclamide, a fara yi masa allurar insulin da dare. A gida kan mutane ya rabu. Wasu sun ce ƙwayoyin nan su ke cinye ƙoda, gara allurar. Wasu kuma sun ce duk wanda aka ɗora a kan insulin to ciwo ya ci ƙarfinsa, kuma allurar tana iya sa mutum ya kwanta barci ya zarce. Tsakani da Allah, wanne ya fi rashin haɗari?

Dakta Mansur:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Hajiya, da za a iya raba amsar gida biyu, a ce ƙwaya a nan allura a can, da aikin ya yi sauƙi. To ba haka abin yake ba. Ƙwayoyin sukari ba dangi ɗaya ba ne. Tazarar da ke tsakanin metformin da glibenclamide ta fuskar haɗari ta fi tazarar da ke tsakanin glibenclamide da insulin nisa. Abin dubawa shi ne wane magani, a jikin wa, da wace irin ƙoda.

Kafin mu yi nisa, saboda masu karantawa: mai nau'i na ɗaya ba ya cikin wannan muhawara. Jikinsa ya daina yin insulin, babu ƙwayar da za ta maye gurbi, kuma barin allura na kwana ɗaya ko biyu kan iya kai shi ga dogon suma. Magana ta masu nau'i na biyu ce.

Mu fara da metformin, tunda shi ake ɗora wa laifin ƙoda. Ba ya lalata ƙoda. Abin da ke faruwa shi ne ta ƙoda yake fita daga jiki, yadda ya shiga haka yake fita. Idan ƙodar ta yi rauni saboda sukarin kansa ko hawan jini, sai maganin ya taru, kuma taruwarsa kan iya jawo wani tsami mai haɗari a jini. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma idan ya faru yakan yi kisa. Mutane sun ga likita ya dakatar da metformin ranar da aka ce ƙoda ta taɓu, sai suka ɗauka shi ya taɓa ta. Akwai kuma tsohon tabo: wani ɗan'uwansa mai suna phenformin shi ne ya yi ƙaurin suna wajen wannan matsala, har aka janye shi daga kasuwar Amurka a 1977. Wannan tsoron ne ya sa Amurka ba ta amince da metformin ba sai ƙarshen 1994, alhali tun 1957 likitan nan Bafaranshe Jean Sterne ya gwada shi a kan masu ciwon sukari.

Ƙa'idar a fili take, kuma da lambar da ake kira eGFR ake aiki, wadda ake fitarwa daga gwajin jini na ƙoda. Daga 45 zuwa sama, ana shan metformin yadda aka saba. Tsakanin 30 da 45 ba a so a fara shi, wanda kuma yake kai sai a rage masa, kada ya wuce miligiram 1000 a yini gaba ɗaya. Ƙasa da 30 a bar shi kwata-kwata. Illarsa ta yau da kullum ciki ce: zawo, kumburi, tashin zuciya. Shi ya sa ake farawa da miligiram 500 sau ɗaya tare da abinci, a riƙa ƙarawa mako-mako. Wanda ya daɗe yana sha kuma a duba masa sinadarin B12, domin maganin yana rage shigarsa jiki, ƙarancinsa kuma yana kawo dindiris a ƙafa wanda sau da yawa ake jingina wa sukari. Babban alherinsa: shi kaɗai da wuya ya faɗar da sukari ƙasa da ƙima.

Glibenclamide kuwa a nan gizo ke saƙar. Shi da danginsa, irin su gliclazide da glimepiride, aikinsu matsa wa pankiriyas ne, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai yin insulin, ta yi ta zubo shi ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. Ke nan mai shan glibenclamide shi ma a kan insulin yake, sai dai nasa ba a auna shi da yunit ba, kuma ba a iya rage shi bayan an haɗiye ƙwayar. Abin da hanta ke sarrafa shi ya koma shi ma yana aiki, kuma ta ƙoda yake fita. A jikin tsoho mai raunin ƙoda, sukari kan faɗi, a ba shi zaƙi ya farfaɗo, bayan 'yan sa'o'i ya sake faɗuwa, a yi ta haka har yini biyu. Saboda haka ne wanda ya suma a dalilin wannan ƙwaya ake kwantar da shi a asibiti ana lura da shi, ba a sallamarsa don kawai ya buɗe ido. Jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fito ƙarara ya ce glibenclamide bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba. Baba ya haura da takwas.

Batun cewa insulin alamar ƙarshe ce kuma, dalilin da ya sa ake ganin haka shi ne jinkiri. Ana ƙin allurar shekara da shekaru, sukari na ta ɓarna a ido da ƙoda da jijiyoyi, sai an kai maƙura a karɓe ta, sannan a ce ita ta kawo abin da ya biyo baya. Babban binciken nan na Birtaniya, UKPDS, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1998 bayan bin mutum sama da 5,000, ya nuna cewa a ranar da ake gano ciwon ma kusan rabin ƙarfin pankiriyas ya riga ya tafi, kuma yana ci gaba da raguwa ko wane magani ake sha. Bayan shekara 12, ba abin mamaki ba ne a ce babu sauran abin da glibenclamide zai tatso mai yawa. Wani binciken, ORIGIN, na 2012, ya bi mutum sama da 12,000 kimanin shekara shida, bai ga insulin glargine, wato insulin mai dogon aiki, ya ƙara ciwon zuciya ko ciwon daji ba. Abin da ya ƙara shi ne faɗuwar sukari da ɗan nauyin jiki. Waɗannan biyun su ne haɗarinsa na gaskiya.

Ki duba mana takardar gwajinsa. Nawa ne eGFR? Kuma ko yakan yi rawar jiki, gumi ko ruɗewa, musamman da asuba ko in abinci ya yi jinkiri?

Ummu Safwan:

Na gode, Dakta. Na duba, an rubuta eGFR 41. Kuma e, sau biyu a watan jiya ya tashi da asuba jiƙe da gumi yana magana ba kan gado, sai da aka ba shi abu mai zaƙi ya dawo daidai. Mun ɗauka gajiya ce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ta yaya sukarinsa zai yi ta faɗuwa kuma gwaji ya ce ya yi yawa?

Dakta Mansur:

Ba gajiya ba ce, Hajiya, kuma ki gaya wa likitansa wannan maganar a wannan makon, kada a jira ranar komawa asibiti. HbA1c matsakaici ne na kimanin wata uku. Mutum kan iya wuni sukarinsa na sama da 250 mg/dL bayan kowane abinci, ya kwana yana gangarowa zuwa 50, lissafi ya haɗa ya ba da 9.4. Akwai ma wani zagaye: wanda ya ɗanɗana faɗuwar sukari yakan riƙa cin abinci fiye da buƙata don tsoro, sai matsakaicin ya ƙara hawa, sai a ƙara masa magani.

Da eGFR 41, abu biyu sun fito fili. Glibenclamide ya kamata ya tafi. Metformin kuma miligiram 2000 a yini ya yi masa yawa, rabinsa ne iyaka. Idan aka cire ɗaya aka rage ɗaya, dole sukari ya ƙara hawa, dole kuma a sa wani abu a gurbin. Shawarar likitansa ta allura ɗaya da dare tana da tushe. A halin da Baba yake ciki, insulin kaɗan da aka auna ya fi ƙwayar da yake sha yanzu rashin haɗari. Sai dai a sani, ita ma insulin ƙoda na da hannu wajen fitar da ita, don haka mai raunin ƙoda da ƙaramin adadi ake fara masa, kuma idan ƙodar ta ƙara rauni buƙatarsa raguwa take yi. Wanda aka ga sukarinsa ya “gyaru” haka kawai yana ta faɗuwa a kan adadin da ya saba, a duba ƙodarsa.

Malam Kabiru Mai Harhaɗa Magani:

Dakta ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina da hanzari ba gudu ba. An yi magana kamar ƙwayoyi biyu ne kawai a duniya. Ya kamata Hajiya ta san sauran, ko don ta iya tambayar likita dalilin da ya sa bai zaɓe su ba.

Akwai dangin da sunayensu ke ƙarewa da gliptin. Sitagliptin miligiram 100 ake sha, amma a ƙodar Baba sai 50. Linagliptin miligiram 5 ne ga kowa, domin galibinsa ba ta ƙoda yake fita ba. Ba sa faɗar da sukari su kaɗai, ba sa ƙara ƙiba, tsofaffi na jure musu. Rauninsu shi ne ba su da ƙarfi: abin da suke saukarwa daga HbA1c yawanci bai kai 1 ba. Daga 9.4, bayan an cire glibenclamide an rage metformin, linagliptin shi kaɗai ba zai kai gaci ba, wannan kam na yarda. Ana kaffa-kaffa da su ga wanda ya taɓa kumburin pankiriyas, saxagliptin kuma an ga ya ƙara yawan kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya a wani bincike na 2013.

Sai masu ƙarewa da gliflozin: empagliflozin miligiram 10 ko 25, dapagliflozin miligiram 10. Su sukarin suke zubarwa ta fitsari. A ganina waɗannan ne ya fi dacewa a tambaya a kansu, ba don sauke sukari ba, domin idan eGFR ya yi ƙasa da 45 ƙarfinsu a wannan fannin ya ragu sosai, sai don kare ƙoda da zuciya. A binciken EMPA-REG na 2015, a cikin masu sukarin da suka riga suka kamu da ciwon jijiyoyin zuciya, mutuwa ta dalilin zuciya ta ragu da kimanin kashi 38 cikin ɗari. Abin da ya sa ake son su ke nan, kuma ana haɗa su da insulin. To amma su ma ba kanwar lasa ba ne. Fitsari mai zaƙi yana jawo ƙaiƙayi da ƙuraje a gaba, ga maza da mata. Yawan fitsarin kan busar da tsoho, ya miƙe ya ji jiri, musamman idan yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Mafi hatsari shi ne tsamin jinin da ake kira ketoacidosis, wanda tare da waɗannan ƙwayoyi yakan zo alhali na'urar gwaji na nuna sukari bai kai 250 ba. Mutum na amai, ciki na ciwo, numfashi na fita da sauri, a gwada a ga 180 a ce ai lafiya lau. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka tun 2015. Saboda haka ake dakatar da su kwana uku kafin tiyata, da duk ranar da mutum ya kasa ci ko sha.

Pioglitazone ba zan tsaya a kansa ba. Yana tara ruwa a jiki, ba a ba mai gazawar zuciya, yana ƙara karayar ƙashi, Faransa ma ta dakatar da shi a 2011 saboda zargin ciwon dajin mafitsara. Ɗan'uwansa rosiglitazone an dakatar da shi a Turai a 2010 kan batun zuciya, kuma rigimarsa ce ta sa a 2008 Amurka ta wajabta wa kamfanoni su gwada sababbin magungunan sukari a kan zuciya. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa aka san gliflozin sosai ke nan.

Inda na fi so a buɗe ido shi ne haɗuwar magunguna, domin a nan ƙwayar da aka shekara goma ana sha lafiya take juyewa dare ɗaya. Mai shan glibenclamide, glimepiride ko gliclazide, idan aka ba shi magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su co-trimoxazole, fluconazole, clarithromycin, ciprofloxacin ko levofloxacin, sukarinsa na iya faɗuwa warwas. Quinine shi kansa yana sa jiki ya zubo insulin. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen su ne ainihin masu cutar da ƙoda, kuma mai eGFR 41 da ke shan metformin ya nisance su. Prednisolone da dexamethasone suna tayar da sukari sama. Propranolol, maganin zuciya da hawan jini, da danginsa suna ɓoye bugun zuciya da karkarwar da ke sanar da mutum sukarinsa ya faɗi, sai gumi kaɗai ya rage. Barasa kuma tana hana hanta sakin sukarin da ta ajiye, tana ƙara haɗarin metformin.

Abu ɗaya da zan roƙa: idan an fara insulin, a kwashe ragowar glibenclamide daga inda Baba yake ajiye magungunansa. Tsoho da ya saba da ƙwaya shekara da shekaru hannunsa zai kai gare ta ko an ce ya bari, sai a wayi gari ya haɗa biyun.

Hajiya Rabi Nas:

Sannunku da ƙoƙari. Ummu Safwan, 'yar'uwa, tunda alamu sun nuna allurar za a yi, bari in faɗa miki inda ake samun matsala. Insulin kanta abu ce da jiki ya sani, tun 1922 ake yi wa mutane ita. Yawancin haɗarinta a hannun mai yi yake.

Na farko kuma mafi muni, sirinji. Ki karanta jikin kwalbar. U-100 na nufin yunit 100 a kowace mililita, U-40 kuma yunit 40. Kowace da sirinjinta. Idan aka zuƙi insulin U-100 da sirinjin U-40 zuwa lamba 10, abin da ya shiga jiki yunit 25 ne, ninki biyu da rabi. Idan aka yi akasin haka, yunit 4 ne kacal ya shiga, sukari ya ƙi sauka, a yi ta ƙari a banza. Galibi murfin sirinjin U-100 ruwan lemo ne, na U-40 ja, amma kada ki dogara da launi, rubutun za ki duba. Sirinjin allurar yau da kullum mai lambobin mililita kuwa ba a yin insulin da shi sam. Idan ido ko hannun Baba ba su da ƙarfi, irin ta alƙalami ta fi, wadda ake murɗa lamba a ji tana ƙas-ƙas.

Na biyu, a san wace iri ce. Ta dare kala biyu ce aka fi bayarwa. NPH fara ce kamar madara, sai an mirgina kwalbar a tafin hannu a hankali, sau goma zuwa ashirin, har ta haɗe. Ba a jijjiga ta da ƙarfi. Ƙarfinta yakan kai ƙololuwa kimanin sa'a huɗu zuwa takwas bayan an yi, wato wanda aka yi wa ƙarfe tara na dare, tsakiyar dare ne lokacin da za a ji tsoro. Glargine garau take kamar ruwa, aikinta a shimfiɗe yake kusan sa'a 24, faɗuwar sukarin dare ta fi ƙaranci da ita, kuma ba a gauraya ta da wata insulin a sirinji ɗaya. Ga wanda ya riga ya sha tashi da gumi da asuba, wannan bambancin abin tattaunawa ne da likita. Akwai kuma gaurayayya, 70/30. Ita tana ɗauke da mai saurin aiki, don haka ana yin ta kimanin minti 30 kafin abinci, kuma wanda aka yi wa dole ya ci. Ba a yin ta a kwanta barci.

Yadda ake farawa: yunit 10 a yini, ko yunit 0.1 zuwa 0.2 kan kowane kilo na nauyin jiki, ga tsoho mai raunin ƙoda kuma a ɗauki na ƙasa. Ana gwada sukari kowace safiya kafin a ci komai, a rubuta. Idan ya tsaya sama da abin da likita ya sa, a ƙara yunit 2 bayan kowane kwana uku, ba kullum ba. Ga yawancin manya ana neman 80 zuwa 130 mg/dL da safe, wato 4.4 zuwa 7.2 a na'urar da ke nuna mmol/L. A raba lambar mg/dL da 18 a samu ta mmol/L. Idan aka samu faɗuwa ba tare da wani dalili ba, a rage kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a daren nan, a sanar da likita.

Wurin yi: ciki, a bar yatsu biyu daga cibiya, ko gaban cinya. Ƙarƙashin fata ake so, ba tsoka ba, shi ya sa gajeriyar allura mai milimita 4 ta wadatar ko ga mai jiki. Da alƙalami, a fara fesar da yunit 2 a iska a ga ɗigo, a soka, a danna, a ƙirga goma kafin a zare. A riƙa matsawa kamar faɗin yatsa daga inda aka yi jiya. Wanda ya nace wa wuri ɗaya, wurin kan yi ƙullutu mai tauri da ba ya zafi, shi ya sa ma ake son sa. Insulin a cikin ƙullutun nan ba ta da tabbas: yau ta shiga rabi, gobe ta shiga duka. Idan aka koma sabon wuri bayan an daɗe ana yi a ƙullutu, adadin da aka saba kan iya yin yawa.

Ajiya: wadda ba a buɗe ba a firji, digiri 2 zuwa 8, nesa da sashen ƙanƙara. Wadda ta daskare ta mutu ko da ta narke. Wadda ake amfani da ita yawanci tana kai kwana 28 a wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, sai a rubuta ranar buɗewa a jiki. Ba a barin ta a rana ko cikin mota. Garau ɗin da ta yi gajimare, ko farar da ta yi gudaji, a zubar.

Faɗuwar sukari kuma kowa a gidan ya haddace. Ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9, an faɗi. Ƙasa da 54, wato 3.0, abin ya yi tsanani. Idan yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a ba shi giram 15 na sukari: ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba mai sukari. A jira minti 15 a sake gwadawa, in bai haura 70 ba a maimaita, in ya haura a bi da abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa, in akwai allurar glucagon, mai tayar da sukari, miligiram 1 a yi masa, a nufi asibiti.

Ummu Safwan:

Allah Ya saka da alheri, na rubuta duka. Saura biyu. Har nawa ya kamata a sauke HbA1c ɗin? Kuma gaskiya ne allurar na dushe ido?

Dakta Mansur:

Ga mai shekara 68 da raunin ƙoda da tarihin faɗuwar sukari, 7.5 zuwa 8 ya wadatar, kuma a kai can a cikin watanni. Ba a tsere. A binciken ACCORD an yi ƙoƙarin sauke wasu ƙasa da 6 da tarin magunguna, sai aka dakatar da wannan ɓangaren a 2008 domin mace-mace sun fi yawa a cikinsu.

Maganar ido tana da ƙamshin gaskiya ta fuska biyu. A makonnin farko gani kan yi hazo-hazo, saboda ruwan da ke cikin madubin ido yana canzawa yayin da sukari ke sauka. Wannan yana washewa da kansa, kada a yi gaggawar canza tabarau sai bayan wata ɗaya ko biyu. Ta biyun ita ce, wanda sukari ya riga ya taɓa masa jijiyoyin bayan ido, idan aka sauke masa sukari da sauri ƙwarai, matsalar kan ɗan tsananta na wani lokaci. Saurin saukarwar ne ke jawo haka, ko da wane magani aka yi. Don haka a kai Baba a buɗa masa ƙwayar ido a duba bayanta kafin a fara ƙara adadin allurar, in ba a yi ba cikin shekarar nan.

Na goyi bayan Malam Kabiru kan a tambayi batun gliflozin, bayan an gwada fitsari an ga ko furotin na zuba. Sannan ranar da Baba ya kamu da amai, zawo ko zazzaɓin da ya hana shi ci da sha, a dakatar da metformin da gliflozin har sai ya koma ci da sha kamar yadda ya saba na yini ɗaya ko biyu. Insulin ta dare ba a yanke ta gaba ɗaya a irin wannan rana, ana iya rage ta ne bisa abin da gwaji ya nuna, kuma a riƙa gwadawa duk bayan sa'a uku zuwa huɗu. Haka nan idan za a ɗauke shi hoton da ake zuba ruwan rini a jijiya, a faɗa musu yana shan metformin kuma eGFR ɗinsa 41 ne, za su ce a tsayar da shi na sa'a 48 a sake duba ƙoda.

Hajiya Rabi Nas:

Ƙari kaɗan. A makon farko a sa agogo a gwada masa sau ɗaya ko biyu wajen ƙarfe uku na dare, musamman idan NPH aka ba shi. Kuma a wanke hannu da ruwa a busar kafin a soki yatsa. Ɗan zaƙin da ya maƙale a fata kan sa na'ura ta nuna 200 alhali jini na kan 60.